Layin Aro na Gidan Mma Memuna

Tun da na dawo daga Akra ba a bar ni na zauna lafiya a rumfa ba. Wannan ta leƙo ta ce, "Hajiya Rabi, wai kama ki aka yi a Gana?" Waccan ta ce ta ji kwastan ne suka riƙe min kaya. Babu ɗaya a ciki. Tun da kuma na daina dogon labari a waya, dalili yana gaba, gara in rubuta shi sau ɗaya kowa ta karanta.

Ga abin da na je tsarewa. Tsohuwa ɗaya, Mma Memuna, mai ciwon suga da kumburin ƙafa, wadda in aka rufe ta ko na mako guda ne ban ga alamar za ta fito da ƙafarta ba. Bayanta akwai gidanta na unguwar Nima a Akra da ke saukar mata fatake, sai kasuwata ta humra da turaren wuta, wadda na gina a can tun ina zuwa da jaka ɗaya. Duk wannan yana rataye ne a jikin sim guda da bai kai farcen babban yatsa ba.

Sai na bayyana yadda gidan yake. In kika sauka wurin Mma, abu huɗu take ba ki kafin ta tambayi sunan garinku: ruwan wanka, katifa, makullin ɗaki, da layin waya. Layukan suna cikin wani gwangwanin madara a kan durowarta. Tun da aka ce ba a rajistar layi sai da katin ɗan ƙasa, baƙuwa kuwa ba ta da shi, sai Mma ta yi rajista da nata katin har ta cika adadin da aka yarda, ta ci gaba da na 'yarta. A wurinta wannan daidai yake da ba baƙuwa tabarma. Ranar tafiya ki mayar da makulli, ki mayar da sim. Akwai wanda kowa ya sani da layin Rabi, shi masu sayen kayana suke kira, amma in ina Kano wata baƙuwar ake ba wa.

Saƙon bai zo ta waya ba. Wata mai kawo sabulun salo ce ta tsaya a rumfata, ta jira har masu ciniki suka watse, sannan ta ce Mma na gaishe ni, ta ce in zan iya zuwa in zo, in ba zan iya ba babu komai tsakaninmu, amma kada in kira. A watannin da ba na can an yi amfani da layina an kira wata lamba a kan iyakar arewacin Gana, lambar da jami'an tsaro suke sa wa ido. Suka duba rajista, sunan Mma ya fito. Tun daga nan duk mako take zuwa ofishinsu ta yini a kan benci. Suna so ta faɗi wanda ta ba layin, ta ƙi. Lambar da layin ya fi kira kuwa tawa ce ta Kano, don da shi Mma take kirana in babu baƙuwa, saboda haka suka ce ta kawo mai wannan lamba, ko su riƙe ta a madadinta.

Babban ɗana ya ce, "Umma, ke da ba ki yi komai ba, za ki kai kanki?" Na ce masa in gidan Mma ya rufe kasuwata ta rufe, wannan lissafi ne. Wanda ba lissafi ba kuma, matar nan ta sauke ni lokacin da babu wanda ya san ni a ƙasar. Na bar babbar wayata a gida, na sayi ƙarama mai madannai, na ɗaure kaya kaɗan don kada in tafi hannu sake.

Hanyar kun san ta: doguwar mota zuwa Legas, daga nan ƙaramar mota ta bi bakin teku, Seme, Kwatano, Lome. Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai kai ashoke, saƙin nan na Yarabawa, duk shingen da muka tunkara sai ta fara addu'a da ƙarfi, in mun wuce ta ci gaba da cin gyaɗarta. Bayan Kwatano direba ya faɗa wani rami, kwalbar humra ɗaya ta fashe a jakata. Motar ta ɗauki ƙamshi har wani dattijo a baya ya ce shi dai bai san gidan amarya aka ɗauko shi ba. Kowa ya yi dariya ban da ni, don ina lissafin abin da ke jirana a Aflawo, iyakar shiga Gana.

A da ina wuce iyakar Aflawo kamar mai shiga kasuwa. Wannan karon jami'in ya ɗauki hotona, ya sa na ɗora yatsu a gilashi, ya buga lambar fasfona a kwamfuta, sai ya tsaya yana kallon allo. Ya kira na kusa da shi, su biyu suka kalla. Sannan ya ce in kawo wayata. Na miƙa masa 'yar ƙaramar, irin wadda a can suke kira doya. Ya juya ta, ya dubi haƙorin Makka da ke bakina, ya dubi zobena, ya ce da Turanci, ina wayar ta gaske? Nan na gane dabarata ta zame min abin zargi. Na ce ɓarayin hanya nake tsoro, wanda kuma gaskiya ce ko da ba ita kaɗai ba. Ya buga hatimi, ya ce in sauka lafiya. Ban taɓa jin an yi min fatan alheri jikina ya yi sanyi haka ba. Bayarabiyar ta miƙo min gyaɗa, na kasa ci.

Nima tana nan yadda na bar ta: babban titi cike da tirotiro, wato ƙananan motocin haya, yaran mota suna kiran unguwanni, masu goro da masu canji a gefe, lunguna ƙanana da sai mutum ya karkace yake wuce wani. Abin da ya sauya yana cikin gida. A bakin ɗakin Mma an ajiye wata tukunyar ƙarfe da murfi, duk mai shiga sai ta jefa wayarta a ciki ta rufe. Mu da muke ciniki a waya da murya har maƙwabta su san riba, na ga mata suna raɗa a cikin ɗakinsu.

Mma ta rame. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar Kano, kin zo. Na ce kar ki damu."

"Kin ce in zo in zan iya, Mma. Na iya."

Aka kawo tuwo zafi da miyar ayoyo. Tuwonsu ya fi namu laushi, kusan sai an bi shi da sauri. Muna ci na tambaye ta wa ta ba layin. Ta ce wata mata ce daga can arewa, ta kawo ɗanta asibiti, ba ta san kowa a Akra ba, mijinta yakan zo ya karɓi wayar. Na ce to ta faɗa musu mana, ta huta.

"Baƙona ne," in ji ta. A Hausarsu ta can ba a cika raba mace da namiji ba. "Ya ci tuwo a nan. In na ba da shi yau, gobe wa zan ba? Ke?"

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Washegari na karya da wake, wato shinkafa da wake da suke zubawa a ganye, a sa taliya, a sa gari, a sa wani baƙin yaji da ake kira shito mai sa mutum hawaye yana ƙari. Daga nan muka nufi unguwar Kokomlemle wurin Lauya Sadiya, 'yar ƙanwar Mma, haifaffiyar Nima. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu buga takardu. Ita ce ta fara fahimtar da ni cewa maganar ta wuce gwangwanin madara.

Ta ce, "Anti, ba sai sun saurari abin da kuka faɗa ba. Wa ya kira wa, yaushe, daga wace unguwa, wannan ya ishe su. Kamfanin waya yana ajiye shi. Tambayata ita ce, wane alƙali ne ya ba su izinin buɗe na Mma na shekara da shekaru? Na nemi takardar kotu, har yau ba a nuna min ba."

Na ce to in babu takarda ai magana ta ƙare.

Ta yi murmushi. Ta ce a nata karatun dokar da ake da ita tana neman izinin alƙali, su kuma suna cewa harkar tsaro daban ce, kuma babu wanda ya kai maganar inda za a yanke ta. Ana cikin haka ga wani ƙuduri a gaban kwamitin majalisa, wanda zai sa kamfanoni su daɗe suna ajiye bayanan kowa, jami'ai kuma su duba ba tare da sun bi ta kotu ba. Ta ce masu kamun ƙafa sun cika wurin. Kamfanoni sun tura nasu saboda ajiyar tana cin kuɗi, jami'an tsaro sun tura nasu, masu kare haƙƙi suna ta rubuta takardu. Mutanen zango, wato unguwannin baƙi irin Nima, su ne kawai babu mai yi musu magana, alhali su ne masu aron layi, su ne masu 'yan'uwa a kowace iyaka. Onarabul ɗin da mutanen unguwar suka zaɓa yana cikin kwamitin, kuma ya riga ya yabi ƙudurin a rediyo.

Na ce ba a je an gan shi ba? Ta ce dattawa sun je da goro, suka yini a ofishinsa. Daga ƙarshe yaronsa ya fito ya karɓi sunayensu da lambobinsu wai za a kira su. Tun daga ranar babu abin da ke shigo musu sai saƙonnin jam'iyya.

Da ta faɗi sunan Onarabul ɗin na gane shi, don na san shi sanin ciniki.

Ranar zuwa ofis na raka Mma, Lauya Sadiya tana fassara. Gini ne mara allon suna, mai tsabta, mai sanyi. Jami'in matashi ne mai ladabi, har ruwan leda ya ba mu. Na fito da fasfo na nuna masa hatimi, cewa a watannin nan ina Kano. Bai ko karɓa ba.

Ya ce, "Mun sani, Hajiya. Mun san ba ke ba ce."

"To me ya sa kuka ce a kawo ni?"

"Muna so mu ga ko za ki zo."

Sai ya juya allon kwamfutarsa kaɗan, ya fara karanta min lambobin da suka saba kiran layin in ina gari, yana tambayar ko su wane ne. Na ce wannan mai sabulu ce a unguwar Malam. Wannan tela ce. Wannan 'yata ce, ya ce eh, ita ce kike kira bayan sallar asuba. Na ji kamar an yaye min mayafi a tsakiyar kasuwa. Babu abin kunya a cikin kiran nan ko ɗaya, amma ban taɓa sanin akwai mai ƙirga su ba.

Can ya karanto wata lamba da na haddace tun tuni. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Mai sayen turare ne."

Ya ɗan yi murmushi, ya wuce ta gaba. Duk sauran ya tambayi sunayensu, ban da wannan.

Da ya gama da ni ya juya ga Mma. Ya ce sun yi mata haƙuri saboda shekarunta. Mako mai zuwa ta zo da suna, ko ta zo da maganinta da zanen canji. Lauya Sadiya ta sake tambayar takardar kotu, ya ce zai isar da saƙonta. Muka shiga tirotiro. Mma tana jan carbi a cikin mayafi.

A gida muka tarar da Magajiya Fati tana jira. A zangon Akra magajiya ita ce shugabar mata, ita ke tara su biki da suna da rasuwa, kuma ita ke tara su ranar zaɓe. Ƙatuwar mace ce mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ta jefa wayoyinta biyu a tukunya ta zauna, ta ji yadda aka yi.

Ta ce, "Onarabul kam, ofis nasa ne, a can shi ke sa mutum jira. Lahadi akwai biki a unguwar Mamobi, 'yar mai kuɗin jam'iyya ake aurarwa, dole ya zo. Wurin biki namu ne."

Na ce in ta samo min shi a ɗaki, ina da abin da zan gaya masa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar Kano, kar ki zubar min da mutunci." Na ce in ya zube nawa ne zai fara zuba.

Bikinsu a titi ake yi. A tare hanya, a kafa rumfuna, kowace ƙungiyar mata da irin atamfarta iri ɗaya, abin da muke kira anko su suna cewa yayi. Al'adar ita ce in babban mutum ya iso, mai lasifika ya kira sunansa, mata su miƙe da guɗa, magajiya ta yafa masa gyale a kafaɗa, a ɗauki hoto. Wannan hoton shi ne kasuwar ɗan siyasa, da shi yake nuna wa na sama cewa zango nasa ne.

Bayan la'asar ya iso da mutanensa, cikin farar shadda. Mai lasifika ya kira sunansa da kirari. Babu wadda ta motsa. Mata sun fi ɗari a zaune, kowacce hannunta a cinya. Mai lasifika ya zaci ba a ji ba, ya sake kira. Makaɗa suka fara, suka ga babu mai tashi, suka tsaya da kansu. Ban taɓa jin shiru irin wannan a gidan biki ba, har kukan injin wuta na layin baya ana ji. Mai ɗaukar hoto ya sauke kyamararsa.

Onarabul ya san aikinsa. Ya taka da murmushi har gaban Magajiya, ya ɗan rusuna ya ce, "Mma, lafiya? Ko na yi laifi?"

"Tsoron magana muke yi, Onarabul," in ji ta, yadda kowa zai ji. "An ce yanzu ajiye ta ake yi."

Ta miƙe ta yi gaba, ya bi ta zuwa ɗakin uwar amarya. Ni da Lauya Sadiya da Mma muna ciki. A bakin ƙofa Magajiya ta miƙa masa wani kwanon silba. Ya yi dariya ya sa waya ɗaya. Ba ta janye kwanon ba. Ya sa ta biyu. Ta ci gaba da tsayuwa har ya zaro ta uku daga aljihun ciki.

Lauya Sadiya ta yi bayani a taƙaice. Ya saurara, sannan ya yi nasa, kuma ba zan ce shirme ya faɗa ba. Ya ce mu dubi abin da ke faruwa a ƙasashen da ke arewa da su, garuruwan da aka tasa, kasuwannin da aka ƙone. Ya ce masu bindiga da waya suke aiki, in jami'i ya tsaya jiran alƙali mutum ya riga ya tsallake iyaka. Ni da na fito daga inda muka san wannan masifa, ban iya ƙaryata shi a zuciyata ba. Ya rufe da cewa wanda bai yi komai ba babu abin da zai ji tsoro, Mma ta faɗi suna kawai.

Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ka gane ni?"

Ya dube ni da kyau. "Hajiya mai humra."

"Ni ce. Layin da ake magana a kansa shi ne wanda kake kirana da shi."

Ga abin da ke tsakaninmu. Gab da zaɓen da ya wuce ya sayi kaya masu yawa a hannuna, humra da turare da mayafai, aka bi gida gida ana raba wa mata a kwanakin da doka ta hana irin wannan rabo. Da kansa yake kirana, safe da yamma, don bai yarda yaransa su san farashi ba. Ban faɗi wannan a ɗakin ba, ba sai na faɗa ba.

Na ce, "Shekaranjiya an karanta min lambarka a ofishin nan."

Murmushin ya tafi. "Me kika ce musu?"

"Na ce mai sayen turare ne. Ban ƙara ba, ba kuma zan ƙara ba. Amma kowa sun tambaye ni sunansa, har tela. Kai ne kaɗai ba su tambaya ba."

Daga waje aka ji makaɗa suna gwada ganga suna fasawa.

"Barazana kike min, Hajiya?"

"Ni 'yar kasuwa ce, ranka ya daɗe. Kuɗin kaya nake gaya maka kafin ka saya. Ba a hannuna abin yake ba, yana wurinsu, kuma kai kake so su daɗe da shi."

Lauya Sadiya ta ce a hankali, "Yau mutanenku ne a ofishin, Onarabul. Bayan zaɓe ba mu san ko su wa za su zauna a gaban kwamfutar ba. Abin da muke nema kaɗan ne: kafin a buɗe na kowa, alƙali ya sa hannu."

Ya daɗe yana kallon Mma, ita kuma tana kallon carbinta. Sannan ya miƙe ya ce ba ya alkawari, harkar tsaro ba a hannunsa take ba. Ya kwashi wayoyinsa daga kwano, ya tsaya yana dubansu kamar ba nasa ba. Magajiya ta riga shi fita, ta ɗaga hannu, guɗa ta tashi ko'ina. Ta yafa masa gyale, aka ɗauki hoto. Na ga hoton daga baya, bakinsa kawai ke dariya.

Kwanakin da suka biyo baya babu labari. Na zaga na kai kayan da na zo da su, na je Malam na ɗauki sabulu, amma hankalina ba ya kan ciniki, har na bar wa wata mata kwalba biyu a kuɗin ɗaya. Magajiya ta ce ko dai Onarabul ya yi wani abu, ko kuma ni ce zan riga Mma shiga. Na ba Lauya Sadiya lambar ɗana, ko da wani abu.

Ranar ofis Mma ta ɗaure maganinta da zane biyu a ɗankwali, ta bar wa 'yarta makullan gida. Matan gidan suka rako ta har bakin titi, babu mai kuka. Muka zauna a bencin nan tun safe. Matashin bai fito ba. Wajen azahar wani dattijon jami'i ya leƙo, ya tambayi wace ce Memuna, ya ce ta tafi gida, in ana bukatarta za a neme ta. Babu takarda, babu bayani. Mma ta zauna ba ta motsa ba sai da na ɗaga ta, ƙullin kayanta a hannuna.

A gida aka dafa shinkafa kamar ranar suna. Lauya Sadiya kaɗai ce ba ta ci da daɗi ba. Ta ce, "Ta ƙofar baya aka sake ta, Anti. Ni hukunci nake so. Gobe in wata tsohuwa ce da ba ta da Magajiya, ba ta da mai humra fa?" Kafin in taho an ji Onarabul a rediyo yana cewa ƙudurin yana da kyau, amma batun izinin alƙali yana buƙatar a sake duba shi. Ba a janye shi ba, ba a kuma zartar ba. Har na baro ƙasar yana kwamiti.

Da zan tafi na tambayi Mma ko ta san wanda mijin matar nan yake kira. Ta ce wataƙila ɗan'uwansa ne makiyayi, wataƙila wani abu ne daban, ba ta tambaya ba. Wannan magana tana nan a raina, ba zan ɓoye muku ba. Mma da kanta ta je kamfani ta sa aka rufe layukan duka. Gwangwanin yana nan a kan durowa, allurai take zubawa a ciki. Baƙuwa yanzu abu uku ake ba ta.

To ga lissafi. Na rasa layin da masu sayen kayana suka sani, rabinsu har yau ban same su ba. Na rasa Onarabul da matarsa da ƙawayenta, waɗanda su ne manyan masu sayena. Sunana da hotona da yatsuna suna wani ofishi mara allo, ban san ranar da za a share su ba, ban ma san ko ana sharewa ba. Abin da na samu ɗaya ne: Mma Memuna tana kwana a ɗakinta, tana shan maganinta a kan lokaci, kuma ba ta ba da baƙuwarta ba. A wurina cinikin ya yi, ko da an sake kawo min shi a wannan farashi zan saya.

Sai dai akwai ɗan ragowar da ban san gefen da zan sa shi ba. 'Yata ce ta lura da shi. Ta ce tun da na dawo, in ta kira ni bayan asuba nakan yi sallama, ta amsa, sai in ɗan yi shiru, kamar ina jiran wani shi ma ya amsa.